Inda wuta take fara kamawa

Wata safiya ta hunturu, wata yarinya ta tsuguna gaban murhu za ta hura wuta. Ta ƙyasta ashana, iska ta kashe ta. Ta ƙyasta ta biyu, ita ma ta mutu. Uwarta ta ce: «Ke, kare ta da hannu mana! Ashana ba a gona ake shuka ta ba.» Yarinya ta kare da tafin hannunta, kara ya kama. Can an jima wutar ta yi kamar za ta mutu, sai hayaƙi. Uwar ta ce: «Hura ta!» Yarinya ta sunkuya ta hura, wuta ta tashi.

Sai ta ce: «Inna, ɗazu iska ce ta kashe mini ashana. Yanzu kuma iska ce ta tayar da wuta. Yaya ke nan?»

Uwar ta ce: «Haka muka tarar. Ɗora tukunya.»

Tambayar yarinyar nan ba ta wauta ba ce. Akwai manyan masana a Faransa da Amurka da wasu ƙasashe da suka yi shekaru suna neman amsarta. Sai dai su ba wutar kara suke bincike ba. Wutar wani gaz ce da ake kira idirojen.

Gaz mai haifar da ruwa

Idirojen ba shi da launi, ba shi da wari. A cikin dukan gaz babu wanda ya kai shi rashin nauyi: iskar da ake shaƙa ta ninka shi nauyi wajen sau 14. Wani masani ɗan Ingila, Henry Cavendish, shi ya fara bayaninsa sosai a shekarar 1766. Daga baya aka gane cewa idan ya ƙone, ba toka yake bari ba, ba baƙin hayaƙi ba, ruwa yake bari. Saboda haka Lavoisier, masanin Faransa, ya raɗa masa wannan suna, wanda ma'anarsa ita ce mai haifar da ruwa.

Gaz ɗin da ake dafa abinci da shi cikin birane wani ne daban, bitan ake ce masa. Shi ya fi iska nauyi. In ya tsiyaye daga kwalba, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ake buɗe ƙofa da taga, kuma ba a ƙyasta ashana sai warin ya fita. Idirojen kuwa sama yake gudu, ya taru a ƙarƙashin rufi.

Mutane suna son idirojen don ƙarfinsa da tsabtarsa. Da shi ake tayar da kumbon Ariane na ƙasashen Turai. Ana kuma ƙera injuna da za su ƙone shi su ba da wutar lantarki ba tare da hayaƙin gawayi ko na man fetur ba. Amma abokin nan yana da saurin fushi. Idan ya gauraya da iska, ko da shi kashi 4 ne cikin 100, yana iya kamawa. Ko da ya kai kashi 75, yana iya kamawa. Ɗan tartsatsin da ba ya isa ya kunna tururin asansi ya ishe shi. Harshen wutarsa ma da ƙyar ake ganinsa da rana. A da, ma'aikatan da ke harba kumbo a Amurka sukan miƙa tsintsiya gabansu in suna tafiya kusa da bututu: in tsintsiya ta kama, to akwai wuta a wurin.

An sha ganin ɓarnarsa. Ran 6 ga Mayu 1937, wani babban jirgin sama na Jamus mai suna Hindenburg, wanda aka cika shi da idirojen kamar balo, ya kama wuta yana sauka a Amurka, mutum 36 suka mutu. A watan Maris 2011, a Fukushima ta ƙasar Japan, idirojen ya taru cikin gine-ginen wata tashar lantarki ta nukiliya, ya fashe, ya yaye rufinsu.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne idirojen ba dole ne sai an kai masa ashana ba. In ya haɗu da iska mai zafi ƙwarai, wadda ta wuce digiri 500, yana iya kamawa da kansa. Mai ƙera inji yana bukatar ya san wurin da hakan zai faru, da lokacin da zai faru. In wuta ta kama da wuri, a cikin bututun da ake gauraya gaz da iska, bututun ya narke. In ta makara, iska ta tafi da gaz ɗin waje, inji ya mutu.

Yadda wutar ke haihuwa

Kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, ana ce musu atom. Ƙwayoyin idirojen tagwaye suke yawo, biyu biyu riƙe da juna. Haka ma na okisijen, wato gaz ɗin da ke ciyar da wuta, wanda shi ne kashi 21 cikin 100 na iska. Muddin tagwaye suna riƙe da juna, babu abin da ke faruwa. Ana iya ajiye idirojen da iska a kwalba guda cikin sanyi, su daɗe ba su taɓa juna ba.

Zafi ne ke raba su. In zafi ya yi yawa, ƙwayoyi suna gudu suna karo, har wata ƙwayar idirojen ta kuɓuce wa ƴar'uwarta. Wannan sakakkiyar ƙwaya ba ta zama lafiya. Ta auka wa tagwayen okisijen ta raba su. Waɗanda ta raba su auka wa wasu tagwayen idirojen. Kafin a gama zagaye guda, an samu ruwa, an samu zafi, kuma maimakon sakakkiya ɗaya an samu uku. Ukun nan kowace ta haifi uku: 9 ke nan. Sai 27, sai 81, sai 243. Duk wanda ya iya jadawalin uku zai ga inda abin ya nufa. A zagaye na 13 sun wuce miliyan. Wannan shi ne kamawar wuta. Nikolai Semenov na Rasha da Cyril Hinshelwood na Ingila sun samu lambar Nobel a shekarar 1956 saboda binciken irin wannan sarƙa.

Amma ba kowace sakakkiya ke haihuwa ba. Wata takan manne wa tagwayen okisijen ba tare da ta raba su ba, su zama dunƙule mai ƙwaya uku, mai sanyin jiki, wanda masana ke rubutawa HO2. Wata kuma takan ɓace, ta fita daga wuri mai zafi ta faɗa cikin sanyi. Saboda haka tsere ake yi tsakanin haihuwa da asara. In haihuwa ta fi, wuta ta kama. In asara ta fi, shiru. Kamar garken awaki ne: in waɗanda ake haifa sun fi waɗanda ke ɓata, garke ya cika, in ba haka ba, ya ƙare.

Iska mai hargitsi

Da a ce iska tana tsaye wuri guda, da lissafin bai yi wuya ba. Amma a cikin inji gudu take yi, kuma gudunta ba miƙaƙƙe ba ne.

Kowane ɗan lakwal ya taɓa ganin hayaƙin turaren wuta a ɗakin da aka rufe. Daga farko yana tashi siriri, miƙe kamar zare. Da ya ɗan yi sama sai ya fara lanƙwasa, ya murɗe, ya watse. Gudu na farko shi ne miƙaƙƙe, na biyu shi ne mai hargitsi. A shekarar 1883, a birnin Mancesta, Osborne Reynolds ya nuna wannan da ruwa. Ya sa ruwa ya bi ta cikin bututun gilashi, ya ɗiga masa ruwan launi. Da ruwan yana tafiya a hankali, launin ya miƙe kamar zare. Da ya ƙara masa sauri, zaren ya tsinke, launi ya bazu ko'ina.

A cikin hargitsi akwai guguwa iri iri. Akwai manya, a cikin manya akwai ƙanana, a cikin ƙanana akwai waɗanda ba su kai kan allura ba. Su ne ke gauraya gaz da iska, kamar yadda ludayi ke gauraya fura da nono. A farkon damu, wani wuri fura ta yi yawa, wani wuri nono zalla, wani wuri sun haɗu daidai. Haka idirojen mai sanyi yake in an hura shi cikin iska mai zafi. Kowane ɗan lungu da nasa gauraye, da nasa zafi, kuma duk suna sakewa kafin ƙiftawar ido.

To, a wane lungu wuta za ta fara? Ba a iya sa ido a gani, abin ya yi ƙanƙanta kuma ya yi sauri. In an cusa ma'aunin zafi a ciki, ma'aunin da kansa ya ɓata gudun iskar. Masana suna haska wutar da haske mai ƙarfi da ake kira lazer, suna ɗaukar hoto, amma hoton abu biyu ko uku kawai yake nunawa a lokaci guda. Shi ya sa suka koma ga lissafi.

Wuta a kan allo

Dabarar ita ce a yanka wurin da ake bincike gurbi gurbi, kamar filin dara. A kowane gurbi a rubuta lambobi: zafinsa, saurin iskar da ke cikinsa, inda ta nufa, yawan idirojen, yawan okisijen, yawan sakakkun ƙwayoyi. Sannan a bi doka a lissafa yadda lambobin za su zama bayan ɗan lokaci kaɗan. In an gama, a sake. Wannan aiki shi ake kira kwaikwayo, don lambobi ne ke kwaikwayon wuta.

Ana iya gwada ƙaraminsa da alli. A zana gurbi biyar a jere, a rubuta zafin kowane:

20, 20, 100, 20, 20

Na tsakiya ne mai zafi. Ga doka: kowane gurbi zai riƙe rabin zafinsa, ya karɓi kashi ɗaya cikin huɗu na zafin maƙwabcin dama, da kashi ɗaya cikin huɗu na maƙwabcin hagu. Waje da gurabe biyar ɗin, zafi 20 ne kullum. Na tsakiya zai zama 50 da 5 da 5, wato 60. Na kusa da shi zai zama 10 da 5 da 25, wato 40. Bayan taki na farko:

20, 40, 60, 40, 20

Bayan taki na biyu:

25, 40, 50, 40, 25

Taki biyu kawai, zafin tsakiya ya faɗo daga 100 zuwa 50. Yanzu a sake, amma wurin zafin ya zama mai faɗi, gurbi uku:

20, 100, 100, 100, 20

Taki na farko ya ba da 40, 80, 100, 80, 40. Na biyu ya ba da 45, 75, 90, 75, 45. A nan na tsakiya yana kan 90. Doka ɗaya ce, zafin farko ɗaya ne, amma siriri ya huce, mai faɗi ya riƙe zafinsa, don maƙwabtansa sun kare shi. Kada a manta da wannan, za a bukace shi nan gaba.

Abin da masana ke yi ke nan, sai dai dokokinsu sun fi yawa. Akwai dokar gudun iska, da dokar yaɗuwar zafi, da dokar yaɗuwar kowane gaz, da dokokin karon ƙwayoyi, waɗanda ga idirojen sun kai wajen 20, tsakanin abubuwa iri 9. Kuma dole gurbi ya zama ƙarami har ya fi ƙaramar guguwa ƙanƙanta. In ba haka ba, guguwar ta wuce ta tsakanin lambobi ba a gan ta ba, kamar ƙaramin kifi cikin taru mai manyan idanu.

Mutum ba ya iya wannan aiki da hannu. Sai na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda wasu ke kira ordinater, wasu kwamfuta.

Abin da na'ura ta nuna

A shekarar 1997, masana uku da suka yi aiki a Faransa, Mastorakos da Baritaud da Poinsot, suka kwaikwayi gaz mai sanyi yana haɗuwa da iska mai zafi cikin hargitsi. Mai hankali zai zaci wuta za ta fara a inda gaz da iska suka haɗu daidai wa daida, inda babu wanda zai yi saura. Ba haka lambobi suka nuna ba. A gefen iska mai zafi take farawa, inda gaz ɗan kaɗan ne. Dalili a fili yake in an yi tunani. Gaz ɗin da sanyi ya zo; inda ya yi yawa, ya sanyaya wurin. Inda yake kaɗan kuwa zafi yana nan, kuma zafi ne ke raba tagwaye.

Abu na biyu ya fi daɗin ji. Ko a cikin wuraren nan masu zafi, ba duka ke kamawa ba. Inda guguwa biyu suka matse gauraye suka ja shi har ya zama siriri, zafi da sakakkun ƙwayoyi suna tsiyayewa ta gefe da gefe, kamar gurbin nan guda da ya faɗo daga 100 zuwa 50. Inda gaurayen ya yi faɗi ya ɗan natsu, sau da yawa a tsakiyar wata ƙaramar guguwa, nan sakakku ke samun lokacin haihuwa. Nan ɗigon wuta na farko ke fitowa. Ba a wuri guda ba: ɗigo ɗigo ne, can da can, sannan su yaɗu su haɗu.

Ga amsar yarinyar nan ta fara fitowa. Iska tana aiki biyu a lokaci guda. Tana kawo okisijen tana gauraya shi da abin ƙonewa, wannan taimako ne. Tana kuma kwashe zafi, wannan cuta ce. Garwashi yana da zafi mai yawa a ajiye, abin da ya rasa okisijen ne, shi ya sa hurawa ke tayar da shi, shi ya sa maƙeri ke bukatar zugazugi. Harshen ashana ɗan siriri ne, ba shi da ajiya, iska kaɗan ta ishe ta kwashe zafinsa. Tafin hannu ne ke yi masa lungu mai natsuwa.

A shekarar 2009, Chun Sang Yoo da Ramanan Sankaran da Jacqueline Chen suka fitar da sakamakon wani kwaikwayo mai girma. Chen tana aiki a ɗakin bincike na Sandia, a Kaliforniya. Sun kwaikwayi idirojen da aka gauraya da azot yana fitowa daga ƴar siririyar kafa, da gudun da ya wuce mita 300 a sakan guda, yana shiga iska mai zafin digiri 800 da ƴan kai. Wurin da suka lissafa bai kai kwalin ashana ba. Amma sun yanka shi gurbi fiye da miliyan 900, faɗin kowane bai kai rabin kaurin gashin kai ba. Da mutum zai lissafa gurbi guda a kowane sakan, ba ci ba barci, sai ya yi fiye da shekara 28 kafin ya gama taki ɗaya tak. Kowane taki kuwa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Dubban ƙwaƙwalen na'ura aka haɗa a Oak Ridge, suka yi kwanaki suna aiki, kuma duk wutar da suka kwaikwaya ba ta kai tsawon ƙiftawar ido ba.

Irin wannan wuta ba ta manne wa bakin kafar. A sama take tsayawa, da ɗan tazara, kamar an rataye ta. Masana sun daɗe suna gardama kan abin da ke riƙe ta a wurin, iska ba ta tafi da ita ba. Lambobi suka nuna cewa a cikin iska mai irin wannan zafi, gindin wutar sake kamawa yake yi da kansa, ba fashi, a gefen da idirojen ya yi kaɗan. Suka kuma ga cewa a cikin tazarar nan da ake zaton babu kome, dunƙulen HO2 yana taruwa tun kafin zafi ya tashi. Kamar ƙura ce da ake hangowa kafin garke ya iso. Duk inda ya taru, can gaba kaɗan wuta za ta fito.

Iyakar na'ura

Na'ura ba ta san wuta ba. Dokokin da aka ba ta kawai take bi. In dokar karon ƙwayoyi ta yi kuskure kaɗan, na'ura za ta maimaita kuskuren sau miliyan dubu ba ta gaji ba, ta fitar da hoto mai kyau wanda ba gaskiya ba ne. Saboda haka masanin kirki ba ya yarda da kwaikwayo sai ya gwada shi da wutar gaske a ɗakin bincike.

Tsada ma tana da yawa. In aka rage faɗin gurbi zuwa rabi, gurabe za su ninka sau 2 a tsawo, sau 2 a faɗi, sau 2 a zurfi, wato sau 8. Taki ma dole a rage shi zuwa rabi. Aiki ya ninka sau 16 ke nan. Shi ya sa ba a kwaikwayon inji sukutum ta wannan hanya. Ana yin kwalin ashana da kyau, a koyi halin wutar, sannan a fitar da dokoki masu sauƙi waɗanda injiniyoyi za su yi aiki da su a kan babban inji.

Da irin waɗannan dokoki ake auna tsawon bututun da gaz da iska ke gaurayewa a ciki, don su fita kafin su kama. Da su ake neman gaurayen da zai ƙone ba tare da zafi ya wuce kima ba, don in ya wuce, azot ɗin da ke cikin iska yakan haɗu da okisijen ya zama gaz mai cutar da huhu. Akwai kuma motoci masu tankin idirojen wanda matsinsa ya ninka na iskar waje sau 700. In irin wannan tanki ya huje farat ɗaya, gaz ɗin da ya fito yana iya matse iskar da ke gabansa har ta yi zafi, ya kama ba ashana ba tartsatsi. Masu ƙera bawul da bututun tankin suna duba wannan a cikin na'ura tun kafin su narka ƙarfe.

Tambayoyi

1. Mene ne ke saura bayan idirojen ya ƙone?
2. Ina bambancin idirojen da gaz ɗin girki in sun tsiyaye cikin ɗaki?
3. Don me wuta ba ta fara kamawa a inda idirojen mai sanyi ya yi yawa?
4. Da wace amsa za ku taimaki yarinyar nan ta gaban murhu?

Aiki

Ku zana gurbi bakwai a kan allo, ku rubuta 20, 20, 20, 180, 20, 20, 20. Ku bi dokar rabi da kashi ɗaya cikin huɗu har taki biyu. Sannan ku sake da 20, 20, 180, 180, 180, 20, 20. A ce wuta ba ta kamawa sai gurbin tsakiya ya zauna sama da 100 har bayan taki na biyu. A wane jeri za ta kama?